Saura wata huɗu in ajiye aiki, wa ƙarin fansho ke shafa?

Ɗan Sakatariya:
Assalamu alaikum jama'a. Na kama aikin gwamnatin tarayya a 1991, shekara 35 ta kusa cika. Ina cikin tsarin fansho na adashen gata tun da aka kawo shi a 2004. Yanzu an ba ni zaɓi biyu: ko in bar kuɗin a wajen kamfanin fanshona suna yanka mini wata-wata, ko in miƙa wa kamfanin inshora su biya ni har rai ya yi halinsa. Wani yaron inshora ya zo gidana sau uku, har kalanda ya kawo, kuma lissafinsa ya ɗara na kamfanin fansho da kusan dubu 9 a wata. Tambayata ɗaya ce: in an yi ƙari saboda tsadar rayuwa, wanne daga ciki ƙarin ke shafa? An ce wanda ya tafi inshora ba ya dawowa.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam. Duk sanda aka taɓa albashi ana taɓa namu. Kai dai ka adana takardunka.

Akawu:
Ranka ya daɗe, naku daban ne. Tun 2011 aka cire sojoji daga adashen gata, hukumarku ce ke biyan ku. Shi mai tambaya ba layinku ɗaya ba.

Uwar Biyu:
Ni kalmar ƙarin fansho ma ba na son jin ta. Babanmu ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare, ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Ya bar aiki ana ba shi dubu 11 da 'yan kai, ya koma ga Allah ana ba shi dubu 11 da 'yan kai. Ranar da rediyo ta ce an ƙara wa 'yan fansho dubu 32, ina gidan. Ya sa aka miƙo masa kwalin maganin hawan jininsa, ya juya bayansa yana lissafi da biro: kaza na mai kanti, kaza na gyaran kwanon ɗakin Inna. Har ya aika wa mai kanti cewa ya ci gaba da ba da bashi, kuɗi na tafe. Wata ya ƙare, ya tura ƙanena wajen mai POS sau huɗu a rana ɗaya. Ba ko sisi. Da muka je ofis, wani ya dube mu ya ce, "Hajiya, wannan ai na tarayya ne." Wallahi Baba bai yi magana a mota ba har muka iso gida. Kwalin yana nan a adakarsa tare da takardun garatutin da har yau ba a gama biya ba.

Maman Hanan:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Yaya, kin sa ni kuka, namu ma haka aka yi.

Akawu:
Allah ya gafarta masa. Abin takaicin, doka tana bayansa. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a duba fanshon tarayya duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka duba albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya faɗi haka ga jihohi. Sai dai sanarwar Abuja ba ta buɗe baitulmalin jiha, sai gwamna ya sa hannu a nasa. Dubu 32 ɗin ta biyo bayan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka yi a Yulin 2024. Kafin ita akwai ƙarin kashi 20 zuwa 28 cikin ɗari daga Janairun 2024, na 'yan tsohon tsari, wato na kafin adashen gata.

Malam mai tambaya, ƙari iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai na gwamnati. Akwai kuma na ribar juya kuɗi, wanda hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince da shi a 2017, 2020 da 2023. Wannan na biyun na waɗanda suka bar kuɗinsu a kamfanin fansho ne, su ma sai wanda asusunsa ya yi girma. Mai inshora ba ya ciki.

Na Bakin Kasuwa:
Ku yi hattara da Akawu, da bakinsa ya taɓa faɗa mana ya yi aiki a kamfanin fansho. Me kuke so ya ce, ku kwashe kuɗinku? Yayana ya tafi inshora shekara shida ke nan, ko kwana ɗaya alat bai makara ba. Wanda ya bar nasa a kamfani kuma in Allah ya ja kwana asusun na iya ƙarewa yana nan da ransa.

Akawu:
Na bar aikin tuntuni, ba ni da kamasho a kan kowa. Tambayi yayanka, abin da yake karɓa yau ya bambanta da na watan farko? Tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 yake kan adadin nan. Ka kuma tambaye shi gado: a inshora shekara goma aka lamunce, in mutum ya wuce ta ya rasu, magada ba su da komai.

Uwar Biyu:
Ku duka biyun a takarda kuka san abin nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gwauron Unguwa:
Ni ƙarin da na sani mai zuwa a kan lokaci shi ne ƙarin aure. Alhaji, ka karɓi kuɗin da ake ba mai ritaya a dunƙule ka yi amarya, ita za ta tuna maka tsadar rayuwa kullum da safe.

Maman Hanan:
Allah ya shirye ka. Shi ya sa har yanzu kake gwauro. Dubu 32 ɗin ma nawa take? Kwanon shinkafa na auna dubu 4 da ɗari biyu shekaranjiya.

Na Bakin Kasuwa:
Hajiya, an cuce ki. Dubu 3 da ɗari biyar muke ba da 'yar gida.

Maman Hanan:
Mai tsakuwa ko? Kuma kwanonku ai duk an bubbuge masa gindi.

Tsohon Soja:
Maganar na dunƙule, maƙwabcina kashi 25 aka ba shi.

Gwauron Unguwa:
Kawuna ya ce kusan rabi ya karɓa.

Akawu:
Duk biyun na iya zama gaskiya, ya danganta da shekarun mutum, albashinsa na ƙarshe da abin da ya tara. Shi Malam ma yana da haƙƙin shekarunsa na 1991 zuwa 2004 da gwamnati za ta zuba masa a asusu. Irin wannan bashi da ariyas ɗin ƙari tun na 2007 suna cikin takardun lamunin biliyan 758 da aka amince da su a Fabrairun 2025.

Uwar Biyu:
Biliyan, biliyan. Mu dai tantancewa muka gani. Sau uku aka kira su sakatariya a shekara biyu, tsofaffi a rana tun bakwai na safe, benci biyu kacal. Na ƙarshe a Keke Napep muka kwantar da Baba, jami'in ya leƙo ya ce sai ya sauko an ɗauki hoto a ciki.

Tsohon Soja:
'Yan PTAD, hukumar da ke biyan 'yan tsohon tsari na tarayya, yanzu ta waya suke nuna suna raye, hoton fuska kawai.

Maman Hanan:
Wace wayar? Surukata mai tocila gare ta. Mai shagon kwamfuta dubu 2 ya karɓa, sau biyu na'ura tana ƙin fuskarta wai ɗakin da duhu.

Na Bakin Kasuwa:
Ɗari biyar ake yi a layinmu.

Ɗan Sakatariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan iyayenmu. Na gane na riba ba ya zuwa wa mai inshora. To shi na gwamnatin fa, in na tafi inshora zai same ni? Yaron ya ce Litinin zai dawo da fom.

Gwauron Unguwa:
Ka ce ya ƙaro kalanda.

Uwar Biyu:
Don Allah akwai wanda ya san hanyar karɓar takardar gado a kotu? Sun ce ba za su saki ragowar garatutin Baba ba sai da ita, kuma wanda na samu ya ce in kawo dubu 60.