Hoton ƙwaƙwalwa na fMRI: abin da aka ce a kula da shi

Ga abin da na tsinto daga hirar da aka yi kan labaran nan da ake ta yaɗawa wai an gano inda tsoro ko soyayya suke a ƙwaƙwalwa. Na farko dai na'urar fMRI, wadda ke ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ba tunani take gani ba, jini take bi, wato iskar oksijin da ke ƙaruwa a inda ƙwaƙwalwa ke aiki, kuma sai bayan sakan 4 zuwa 6 alamar ke fitowa sosai, jan nan da ruwan ɗorawa da kuke gani a hoton kwamfuta ce ta saka bayan lissafi.

An daɗe ana magana kan amigdala, wani ɗan ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da tsoro. Gaskiya tana motsawa in mutum ya ga fuskar mai tsoro, amma tana motsawa da sabon abu ma har da fuskar mai murmushi, to kar wani ya ce tunda ta haska dole tsoro ne. Wani ya kawo labarin kifin da wani mai bincike, Craig Bennett, da abokan aikinsa suka saka a na'urar, mataccen kifi fa, suka nuna masa hotunan mutane, sakamakon da suka gabatar a 2009 ya nuna kamar ƙwaƙwalwarsa na aiki saboda ba a gyara lissafin ba don a cire alamun da dace kawai ya kawo su, wallahi na yi dariya.

Sai a riƙa tambaya mutum nawa aka gwada, kuma wasu sun maimaita? Binciken Nancy Kanwisher na 1997 kan wurin gane fuska a ƙwaƙwalwa an maimaita shi sau da yawa, shi kam ana iya dogara da shi.