Yaronmu a Legas: da Hausa zai fara karatu ko da Turanci?

Malam Sani, Agege: Jama'a, ina nan kan bakana. Yaron da ya fara haɗa baƙi da Hausa ya fi saurin iya karanta Turanci daga baya. Kalmomin tuni suna bakinsa, kuma rubutun Hausa kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Da zarar ya gane harafi sauti yake ɗauke da shi, ba sai ya sake koyon wannan ba.

Maman Khalifa, Idi-Araba: Malam, wannan sai a Kano. Nan wa zai koya masa? Darasi da Turanci ake yi, Yarbanci kuma ya zama dole tun dokar jiha ta 2018. Ga broka a titi, ga Larabci a Islamiyya. Kan yaro nawa ne?

Alhaji Bala, Mile 12: Ni ina bayan Hajiya. A makarantar allo muka yi babbaƙu da farfaru, muka sauke, alhali ba ma jin Larabci. Me zai hana Turanci?

Malama Hadiza, Obalende: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai nan gizo ke saƙar. Biya karatu daban, fahimta daban. A ajina akwai yaran da za su karanto shafi guda ba gargada, ka tambaye su wa ya yi me, su yi tsuru-tsuru. Abin na damuna ƙwarai, don jarrabawa fahimta take nema. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife: aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Maman Khalifa: Malama, yaran Ife duk Yarbawa ne, an horar da malamansu, an rubuta musu littattafai. Ajin ɗana akwai Bayarabe, Ibo, Bahaushe. Da wanne za a fara?

Malama Hadiza: Wannan kam gaskiyarki, Hajiya. A ajin Legas ba zai yiwu ba.

Malam Sani: To a gida fa? Ko Islamiyya ta ware rabin awa ranar Asabar. Masu zuwa Kano su taho mana da littattafan Hausa na firamare.

Alhaji Bala: Kuɗin littattafan na ɗauka, Malam. Amma ban yarda a taɓa lokacin hadda ba, a nemi wani lokacin.