Ƙanena ya kafe sai ya koma tuƙi, wai ai Kubica ma ya koma

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, sannan ina son wanda ya san harkar tseren motoci ya warware mini wani labari.

Ƙanena direban haya ne. Sharon yake ja daga nan wajenmu zuwa Kano, ranar Alhamis kuma ya yi lodin Maigatari. Bara da damina tayar gaba ta fashe masa, mota ta ƙwace ta faɗa rami. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma hannunsa na dama ya karye wuri biyu ƙasa da gwiwar hannu. An fara da ɗorin gida bai yi ba, daga baya aka kai shi Kano aka sa ƙarfe. Yanzu ƙashi ya haɗe, sai dai hannun ba ya juyawa sosai. In zai buɗe tafin hannu ya karɓi canji a shago, sai ya karkato kafaɗar gaba ɗaya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi kuma ba ya jin su kamar da. Kofin shayi yana riƙewa, amma murfin jarka sai an buɗe masa.

To ya ce bayan sallah zai koma hanya. Baba ya ce bai yarda ba, Inna kuwa da an taɓo zancen sai hawaye. Shi kuma duk wanda ya yi masa magana sai ya zaro waya ya nuna masa bidiyon wani Bature mai suna Kubica, wai hannunsa ya kusa guntulewa amma ya koma babban tseren motoci na duniya da ake kira Formula 1, har ya ci wani babban kofi. Wannan labarin gaskiya ne? In gaskiya ne, hujja ce?

Malamin Kimiyya, Kazaure:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya.

Labarin gaskiya ne, ba haɗin 'yan TikTok ba ne. Na daɗe ina bin wannan tseren, har a majalisarmu ana tsokanata wai kowa na kallon ƙwallo ni ina ƙona data a kan motocin da ke zagaye wuri ɗaya. Sai dai irin wannan bidiyon kan ɗauki farkon labari da ƙarshensa ya jefar da tsakiyar, alhali tsakiyar ce ta shafi ƙaninka.

Robert Kubica mutumin Folan ne, haihuwar 1984. Kafin abin ya same shi yana cikin waɗanda ake sa ran za su zama zakaran duniya, don ya ci tseren Kanada na 2008 da motar BMW Sauber. Hatsarin ma ba a Formula 1 ya yi shi ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2011, saura 'yan makonni a buɗe kakar shekarar, ya shiga wani ƙaramin tsere a Italiya, irin wanda ake yi a titunan ƙauye masu kwana-kwana, don sha'awa kawai. Motarsa Skoda Fabia ta zame ta daki ƙarfen gefen titi, ƙarfen ya huda gabanta ya ratsa har inda yake zaune. Abokinsa mai karanta masa hanya ya fito ko ƙwarzane babu. Shi kuwa an fi awa ɗaya ana fama kafin a zaro shi. Hannun dama ya kusa rabuwa da jiki, gwiwar hannu da kafaɗa da ƙafa duk sun karye. Tiyatar farko kaɗai awa bakwai aka yi, wasu suka biyo baya. Yana cikin murmurewa, farkon 2012 ya zame a kan ƙanƙara, ƙafar ta sake karyewa.

Ka tambayi ƙaninka yaushe mutumin ya koma Formula 1. Sai 2019. Shekara takwas kenan.

Kuma ba tsoro ne ya riƙe shi ba, don tun ƙarshen 2012 ya koma tseren titunan ƙauyen da ya ji masa ciwo, a 2013 ma ya ci kambun rukuni na biyu na gasar duniya ta wannan fannin da motar Citroën. Abin da ya riƙe shi shi ne ainihin abin da ka faɗa game da karɓar canji. Tsintsiyar hannunsa ba ta juyawa, don haka in zai murza sitiyari sai ya buɗa gwiwar hannu waje ya cike da kafaɗa. A mota mai faɗi wannan yana yiwuwa. Mazaunin direban Formula 1 kuwa matsattse ne, a kishingiɗe kake, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, babu inda za ka buɗa. Sai da ya ɗauki shekaru yana koya wa jikinsa wani sabon tuƙi: hagu ke ɗaukar yawancin aikin, dama tana tallafawa. Sannan aka gyara masa sitiyarin, aka mayar da canjin giya duka ɓangaren hagu, ya ƙara ko ya rage da yatsun hannu ɗaya.

Duk da haka ba wanda ya karɓi maganarsa ta baki cewa ya warke. A 2017 kamfanin Renault ya fara ba shi tsohuwar mota ya gwada a Balensiya ta ƙasar Sifen, sannan sabuwa a Hungari, inda ya yi zagaye 142 a wuni ɗaya, injiniyoyi na zaune gaban kwamfuta suna duba kowace kwana da kowane taka birki. Akwai kuma gwajin da hukumar tseren take yi wa kowa, sai ka kwance bel ka fice daga motar cikin 'yan daƙiƙoƙi, saboda gobara. Ya tsallake. Amma Renault ba su ɗauke shi ba. Kamfanin Williams ma suka gwada shi, suka ba wani yaro ɗan Rasha kujerar 2018, shi aka ajiye shi a benci shekara guda. Da ya samu kujerar a 2019 kuma, kada mu ɓoye, da kuɗin kamfanin mai na ƙasarsu, Orlen, a bayansa.

To ya aka ƙare? Nan ne bidiyo ba ya so. Motar Williams ta wannan shekarar ita ce kurar baya a fili. Abokin aikinsa George Russell, sabon shiga, ya fi shi sauri a zagayen share fage na duk tsere 21 da aka yi. Maki ɗaya tak Kubica ya samu duk shekarar, a Jamus ranar da aka yi ruwa, shi ma na 12 ya zo, aka hukunta motoci biyu da ke gabansa ya hau na 10, matsayi na ƙarshe da ake ba maki. Shekara na ƙarewa ya bar kujerar. Magoya bayansa suna cewa mota ce, masu suka suna cewa hannu ne. Ni a ganina duka biyun ne, ga kuma shekara takwas da ba ya ciki motocin sun canza.

Kofin da ƙaninka ke magana shi ne na Le Mans a Faransa, tseren awa 24 ba tsayawa, inda mutum uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya. Ya ci shi a watan Yunin 2025 da wata Ferrari ruwan ɗorawa mai lamba 83, yana da shekara 40, shi ne ɗan Folan na farko da ya taɓa ci. Wallahi ranar na ji daɗi, don shi da kansa ya faɗa cewa ya riga ya sa hannu zai koma Ferrari a 2012 kafin hatsarin ya rusa komai. Amma ka lura, ba a Formula 1 ya samu wannan ɗaukakar ba. Ya nemi fannin da jikinsa na yanzu zai iya, shekara 14 bayan ciwon.

Don haka in ƙaninka na son ya yi koyi da Kubica, bismillah, amma ya ɗauka duka. Motocinmu sitiyari a hagu yake, hannun dama ne ke kan giya, wato hannun da ya samu matsala shi ne mai aikin. Wa ya gyara masa Sharon ɗin? Wa ya gwada shi ban da kansa? Kuma Kubica in ya yi kuskure a Formula 1 shi kaɗai ne a ciki, da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci da motar asibiti a gefe. Naku yana ɗauke da matan mutane da 'ya'yansu da buhunan riɗi a but.

Yaron Mota:

Malam ka cika tsoratarwa. Ai na ga wani ma mai suna Lauda, wuta ta ƙone masa fuska amma sati shida ya koma. Ku bar bawan Allah ya nemi abincinsa. Zama ba sana'a shi ma ciwo ne, mai iyali ne fa. Abin da Allah ya rubuta ko a kan gado kake sai ya same ka.

Malamin Kimiyya, Kazaure:

Maganar zama gaskiyarka ce, ƙanena, ban musa ba. Na Niki Lauda ma haka aka yi: ya ƙone ranar 1 ga Agusta 1976 a Jamus, hayaƙi ya lalata masa huhu har aka fid da rai, tsere biyu kawai ya rasa, ya dawo a Monza ta Italiya ya zo na huɗu da bandeji yana jini. Amma ƙuna ce a kai da fuska, hannuwansa da ƙafafunsa suna aiki. Sannan ka bi labarin zuwa ƙarshen shekarar. A tseren ƙarshe a Jafan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya yi zagaye biyu ya faka motar ya ce ransa ya fi kofi. Abokin hamayyarsa James Hunt ya ɗauke kambun da ratar maki ɗaya. Shekara mai zuwa Lauda ya karɓe abinsa. Ni abin da ke burge ni da shi fakawar nan ce, ba dawowar ba.

Tsohon Direba, Gumel:

Ni ban san waɗannan Turawan ba, amma na san hanyar Gumel zuwa Kano tun ana jan Fijo. Ɗana, tuƙi a kan titi mai kyau ko da yatsa biyu ana yi, shi ya sa ƙaninka yake ganin ya warke. Ba nan ake gane direba ba. Ranar da taya ta fashe kana kan gudu, sitiyari fizga yake yi, sai ka danne shi da hannu biyu da iya ƙarfinka, ka hana ƙafarka zuwa birki, ka bar mota ta rage da kanta, sannan ka saki hannu ɗaya ka sauko da giya. Da hannu biyu lafiyayyu ma abin ya kayar da shi bara.

Kada ku yi ta musu a tsakar gida. Ku samu fili, irin na makaranta ranar Asabar, ku loda wa motar buhuna daidai nauyin lodi, wani tsohon direba da ba ya jin kunyarsa ya zauna a gefe. A sa shi ribas mai kwana, a sa shi kaucewa kamar akuya ta shigo, a sa shi canza taya shi kaɗai. In ya kasa kwance noti, ya san amsar da kansa, ba sai Baba ya faɗa ba. Kafin nan ya je tasha ya riƙe kamasho ko rubuta lodi, kada ya zauna a gida zuciya ta mutu.

Anti Nas:

Ɗan Ringim, abin da ya fi tsaya mini a rai yatsun nan biyu ne. Akwai jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka bugu a wurin kake jin kamar lantarki har ƙaramin yatsa. Ita ke kai ji ga waɗannan yatsun, kuma ita ke ba ƙananan tsokokin tafin hannu ƙarfin damƙa. Haɗewar ƙashi daban, warkewar jijiya daban. Jijiya in tana tofowa, kamar milimita ɗaya take yi a rana, kusan inci guda a wata, shi ya sa ake ganin kamar ba a ci gaba. Wani lokacin kuma danne ta aka yi, sai likita ya saki. In aka bar shi ya daɗe tsokar tana shanyewa, ku duba tsakanin babban yatsa da manuni ta bayan hannu, in wurin ya loɓa fiye da na hagu kada ku jira.

Ku mayar da shi wurin likitan ƙashi, ku faɗa masa ƙarara cewa direba ne kuma yana son komawa, a tura shi sashen gashin ƙashi. A asibitin ƙashi na Dala akwai. Juyawar hannun ma sau da yawa tana ƙaruwa da motsa jiki in an dage.

Ɗan Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta masa duka da daddare. Na Malam bai yi masa daɗi ba, ya ce ba a faɗi maki ɗayan nan a bidiyo ba. Wurin da Anti ta ce na duba, ya ɗan loɓa, don haka asibiti za mu fara. Ya yarda da gwajin fili, amma yanzu ya ɓullo da wata: wai a sayar da Sharon a cika a sayi Sienna mai otomatik, tunda shi ma Kubica gyara masa giya aka yi. Baba Direba, me ka gani?

Tsohon Direba, Gumel:

Ba shirme ya faɗa ba, otomatik za ta ɗauke wa hannun aikin giya. Amma ba ta riƙe sitiyari ranar fashewar taya, kuma tana shan mai fiye da Sharon, in giyarta ta lalace kuma ba kowane bakanike ne a ƙauye zai taɓa ta ba, sai an ja ta zuwa Kano. Kada ku sayar da komai tukuna. Ku ba wani amintacce motar yana kawo balas, likita ya fara magana. In kun sa ranar gwajin ka turo mini saƙo, ina zuwa Ringim cin kasuwa, ni zan zauna a gefensa.