Taƙaitawa: Muhawarar kwantiragin Juan Soto

Jama'a, ga abin da na tattara daga maganganunku:

1. Kowa ya yarda Soto gwani ne a wasan besbol. A 2024 ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 41 a ƙungiyar Yankees ta birnin New York.

2. Kan kuɗi aka rabu. A Disamba 2024 ƙungiyar Mets ta ba shi kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15. Wasu sun ce ya cancanta, tunda shekarunsa 26 kacal a lokacin. Wasu suka tuna da Albert Pujols, ɗan wasan da ƙungiyar Angels ta ɗauka na shekara 10 a 2011 yana da shekara 31, ƙarfinsa ya yi ta raguwa kuɗi na fita. Ni dai na fi karkata ga na farko, tazarar shekara biyar ba wasa ba ce.

3. Da dama sun ce a daina gwada shi da Shohei Ohtani, ɗan wasan ƙungiyar Dodgers. Cikin dala miliyan 700 na kwantiragin Ohtani da Dodgers, an jinkirta biyan miliyan 680 sai daga 2034, alhali na Soto babu jinkiri.

4. Magoya bayan Yankees har yanzu abin na musu ciwo, don su da Mets da ta ɗauke Soto a birni ɗaya suke.