Naman layyar maƙwabta da 1 Korantiyawa 8: ku ba ni shawara

Wata uwa daga Tawa:
Salama gare ku ƴan'uwa. Babbar Salla ta ƙarato, hankalina kuwa ba a kwance yake ba. A layinmu mu kaɗai ne Kirista. Kowace shekara, bayan raguna sun yini a gicce kan sanduna kewaye da wuta, washegari yara sai su yi ta sallama da kwanoni, wannan cinya, wancan haƙarƙari. Mu ma da Kirsimeti mukan kai musu shinkafa da kaji. To ɗan ƙanen maigidana da ke zaune wurinmu ya kama karatun Littafi Mai Tsarki da zafi, ina kuwa murna da haka, amma ya ce bana kada a karɓa. Ya buɗe mini 1 Korantiyawa sura 8 da 10:28, wai naman hadaya ne. In mayar da kwanon matar da ta yi jinyata lokacin da na kwanta? Ko in karɓa in sa yaro tuntuɓe?

Malamin makarantar Lahadi, Yamai:
Mama, kafin mu ɗauko ayar mu kawo ta Tawa, mu fara leƙa inda aka aike ta. Koranti babban birnin kasuwanci ne a ƙasar Girka. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sake kafa shi a ta 44. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a can (Ayyukan Manzanni 18:11), wajen 50 zuwa 52 bayan haihuwar Almasihu, daga baya ya rubuto musu daga Afisa. Gari ne cike da haikalin gumaka, kuma haikalin ba wurin sujada kaɗai ba ne. A na Askilefiyos, gunkin warkarwa, masu tonon kayan tarihi sun tarar da ɗakunan cin abinci. Idan aka yanka dabba, a ƙone wani sashe, firistoci su ɗauki rabonsu, saura a ci a nan ko ya bi hanyar kasuwa. Mutum zai je sayen nama bai san daga ina ya fito ba, abokin cinikinsa kuma zai gayyace shi walima a gidan gunki.

Shi ya sa Bulus bai ba da amsa ɗaya ba. Zama cin abinci a teburin gunki, ya hana ƙiri-ƙiri (10:14-22). Naman kasuwa, ya ce a ci ba tare da bin diddigi ba (10:25). Idan wanda ba mai bi ba ya gayyace ka gidansa, ka ci abin da aka ajiye maka (10:27). Aya ta 28 da ɗanku ya riƙe, wadda ta ce idan wani ya faɗa maka naman hadaya ne kada ka ci, tana nan daram, amma ya ƙarasa zuwa 29: saboda lamirin wancan mutumin ne, naman kansa bai canza ba.

Wani dattijo daga Adar:
Ƴata, ni a gidan azna aka haife ni. Da idona na ga an yanka baƙin bunsuru a gindin itace, an zuba jini, an kira sunan iska. In kina neman abin da ya yi kama da Koranti a ƙasarmu, wannan ne, kuma tun da na bi Almasihu ban sake sa shi a baki ba. Maƙwabcinki Musulmi ba gunki a gabansa, ƙyamar gunki ma yake yi. Tunawa da biyayyar Ibrahim yake. Mun bambanta da su a kan ma'anar hadaya, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma kwanon da aka aiko miki ba kiran sujada ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne. Kin mayar da shi, abin da matar nan za ta ji shi ne kin raina ta.

Wata ƴar'uwa ɗaliba:
Baba, ku gafarce ni, ina da ja kaɗan. Wannan magana ta "ai zamaninsu ne" na tsorata ni, domin da ita ake wanke duk ayar da ta yi wa mutum nauyi. Kuma na san masu bi da suka fito daga gidajen da ake layya, ba sa ci, don yana mayar da zuciyarsu baya. Ba jahilai ba ne.

Malamin makarantar Lahadi:
Gaskiyarki ƙanwata, kuma su ne ainihin waɗanda sura 8 take karewa: aya 7 tana maganar waɗanda suka saba da abin a dā. Sanin halin Koranti bai sauƙaƙa mana ba, ƙara mana nauyi ya yi. Talakan wancan zamani ba kullum yake ganin nama ba, sau da yawa sai a irin waɗannan bukukuwa, ga shi Bulus ya ce gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe (8:13). Romawa 14:3 kuma ta kama ɓangarorin biyu: mai ci kada ya raina, marar ci kada ya hukunta.

Wata shugabar zumuntar mata:
Yaya, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki sa wa yaran ɗan alewa a kwano. Yaron kuma kada a tilasta masa, kada ƴaƴanki su yi masa ba'a a kan tire. Ki yi masa miyarsa daban, ba tsada. Sharaɗi ɗaya: kada ya furta komai a gaban yaran maƙwabta, domin kafin la'asar maganar ta gama layi.

Uwar da ta yi tambaya:
Na gode ƙwarai. Na karanta masa, ya yi shiru, sai ya ce to Ayyukan Manzanni 15:29 fa?

Malamin makarantar Lahadi:
Yaron yana karatu, Mama, ku riƙe shi da kyau. Wasiƙar taron manzanni da dattawa a Urushalima ce, wajen shekara ta 49, zuwa ga masu bi na Antakiya da Suriya da Kilikiya waɗanda ba Yahudawa ba (aya 23), kuma abin da aka miƙa wa gumaka ta ce a guje wa. Tambayar ta koma inda Baba ya ajiye ta: akwai gunki ko babu? Ku je wurin fasto tare da maigida kafin sallar, a karanta 1 Korantiyawa sura 8 zuwa 10 a zama ɗaya, shi yaron ya riƙa karantawa da bakinsa.