Neman kalmar Hausa: yaya za mu fassara "justified" a muhawarar Hiroshima?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina cikin fassara wani rubutu a kan bama-baman nukiliyar da Amurka ta jefa wa biranen Japan biyu, Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, da Nagasaki ranar 9 ga watan, sai na cije a kan kalma ɗaya, wato "justified", wadda ita ce ƙashin bayan muhawarar da ake yi a kan ko Amurka ta yi daidai da ta jefa su. Sau uku ina rubutawa ina sokewa, har gefen takardar ya yi baƙi ƙirin.

Da farko na sa "halatta", amma a kunnen Bahaushe halal da haram hukunci ne na shari'a, alhali masu wannan gardama ba fatawa suke nema ba. Ko ta fuskar doka ma maganar ba ta yanke ba, domin a 1996 Kotun Duniya ta ce amfani da irin wannan makami ya saɓa wa dokokin yaƙi a galibin yanayi, amma ta kasa yanke hukunci a kan ƙasar da ke kare kanta alhali wanzuwarta na cikin haɗari.

Wani abokin aiki ya kawo "uzuri". Wannan ma na ƙi, saboda mai ba da uzuri ya riga ya amsa cewa ya gaza, yana neman a yi masa afuwa ne, su kuwa Shugaba Harry Truman da sakataren yaƙinsa Henry Stimson ba su taɓa neman afuwa ba. A rubutun da Stimson ya fitar a 1947, cewa ya yi mamaye Japan da sojojin ƙasa zai iya jawo wa Amurka asarar fiye da mutum miliyan ɗaya tsakanin matattu da masu rauni, kuma abin da aka gani a yaƙin tsibirin Okinawa na Japan ya isa ishara. Wannan magana ce ta larura, kuma har na so in ce "larura ta halatta", sai na lura cewa idan na rubuta haka na ɗauki ɓangare tun kafin a buɗe baki.

Masu suka suna cewa Japan ta riga ta durƙushe, kuma shelar yaƙin da Tarayyar Sobiyet ta yi mata ranar 8 ga Agusta ta taka babbar rawa wajen sa Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya ranar 15 ga watan. Su ma sun yarda cewa Truman yana da hujja. Abin da suke musu shi ne ko hujjar ta kai nauyin mutum kusan 140,000 da suka mutu a Hiroshima kafin ƙarshen shekarar, da wasu kusan 70,000 a Nagasaki, akasarinsu fararen hula. Shi ya sa "hujja" ita kaɗai ba ta wadatar ba, tun da ɓarawo ma ba ya rasa tasa a gaban alƙali.

Abin da na tsaya a kai shi ne "hujja mai wankewa", domin mun saba cewa shaida ta wanke wane daga zargi. Sai tambayar ta zama: shin Amurka tana da hujjar da za ta wanke ta? Mai goyon baya zai ce ta wanke ta, mai suka zai ce ba ta wanke ta ba, kuma babu wanda kalmar ta riga ta ba gaskiya. Matsalata ɗaya ita ce ta yi tsawo a kanun labari, don haka duk mai gajeruwa wadda ba ta karkata ba, ya taimaka ya kawo.