Karin maganar Galisiya: "Ban yarda da mayu ba, amma akwai su"

Baƙon Vigo: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure tsakanin abokan aikina biyu a tashar jiragen kamun kifi ta Vigo da ke Galisiya, yankin arewa maso yammacin Sifaniya, domin ɗaya ya ƙi bin mararrabar ƙauyensu da dare saboda Santa Compaña, jerin gwanon matattu da ake cewa yana yawo da kyandira. Da aka yi masa dariya sai ya ce, "Ban yarda da mayu ba, amma fa akwai su." Shin tsoro yake ɓoyewa, ko kuwa hikima ce?

Malamin Zaure: A ganina raunin zuciya ne, Malam. Mutum ba zai musanta abu da bakinsa ya kuma kauce masa da ƙafarsa ba.

Surukin Lugo: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Kakar matata, 'yar wani ƙauye kusa da Lugo, ba ta taɓa fashin coci ba, amma kowane daren 23 ga Yuni, daren San Xoán (bikin Yahaya Mai Baftisma), takan jiƙa ganyaye iri bakwai a ruwa ta bar su a waje su kwana, da safe kowa a gidan ya wanke fuska da shi. Ta yi makaranta a zamanin Franco, shugaban mulkin kama-karya na Sifaniya, wanda shi kansa haifaffen Ferrol ne a Galisiya, lokacin da malami ke hukunta yaro idan ya yi harshen gida, wato na Galisiya, maimakon Sifaniyanci. Ta ce a nan suka koyi ba hukuma amsar da take so, su riƙe nasu a ciki. Harshen bai samu matsayin hukuma ba sai da dokar cin gashin kai ta 1981, kuma har ta rasu ba ta iya rubuta shi ba.

Hajiya Mai Goro: Allah Ya ji ƙan magabata. Amma wasu 'yan siyasarmu sun fi kowa iya wannan magana, domin a kan mumbari sukan yi tir da bokaye, ana gobe zaɓe kuma motocinsu na ƙofar boka.

Malamin Zaure: Hajiya, kin ƙarfafa maganata ke nan.

Surukin Lugo: A'a, tsohuwar nan ba ta nemi ƙuri'ar kowa ba.

Baƙon Vigo: Shi dai abokin nawa har yau ta babbar hanya yake zagayawa idan dare ya yi.